Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in ja hankalinku a kan wani aiki wanda ba a biyan kowa ko anini a kansa, ba a kuwa ba da takardar shaida in an gama shi, amma duk da haka ina ganin ya wajaba waɗansu daga cikinmu su ɗaura ɗamarar yinsa. Aikin kuwa shi ne juya manhajojin kwamfuta da na wayar hannu zuwa Hausa don sa kai. Na san da jin haka wani zai ce, "Wannan ai aikin injiniyoyi ne, ina ruwan malamin firamare da shi?" To, a yi haƙuri a bi ni sannu, watakila kafin mu kai ƙarshe a ga lalle malamin firamare ya fi injiniya ruwa a ciki.

Bari mu fara da kalmar kanta. Mu malamai mun san manhaja ita ce tsarin abin da za a koya wa yara cikin shekara. Masu rediyo da jaridu suka ari kalmar nan suka laƙaba wa jerin umarnin da ke tafiyar da kwamfuta, watau abin da ke sa ta yi rubutu, ko lissafi, ko ta kai saƙo. Manhajojin nan iri biyu ne. Akwai ta kulle, wadda kamfani ya ƙera ya ɓoye asirinta, sai dai ka biya ka yi aiki da ita yadda aka ba ka, ba ka da ikon sake ko da wasali ɗaya a cikinta. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda masu ita suka baje asirinta a fili, suka rubuta izini cewa kowa na iya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma ba wani. Ta farko kamar ruwan mai garuwa ce, ka biya a zuba maka. Ta biyu kuwa rijiyar unguwa ce, kowa ya zo da gugansa, amma fa yasarta a wuyan 'yan unguwa ta ke.

Wannan al'ada ba yau ta fara ba. A 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya yi shelar zai gina manhajar da ba za a kulle wa kowa ba. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, mutane daga ƙasashe dabam dabam suka taru suka yi ta ƙara mata. Duk wanda ke da wayar Android cikin aljihunsa, to, a kan Linux ɗin nan aka gina ta. Haka kuma Firefox, wadda a ke shiga intanet da ita, ta fito a 2004, sa'an nan LibreOffice, ta rubuta wasiƙa da jera lissafi, a 2010. Duk kyauta a ke ɗaukarsu.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, masu ƙera irin waɗannan manhajoji su kan ware dukan kalmomin da ke bayyana a fuskar kwamfuta su jera su wuri ɗaya, layi layi, ga Turanci a gefe, ga fili a ɗaya gefen. Duk al'ummar da ta cike filin nan da harshenta, sai manhajar ta soma magana da harshen. Wadda ba ta cike ba, filinta ya zauna wayam har illa ma sha Allahu. Ba wanda zai hana ka, ba kuwa wanda zai yi maka.

Dubi mutanen Habasha. Harshensu na Amharik yana da nasa baƙaƙe fiye da 200, ba boko ba ne, ba kuwa ajami ba. Sai a 1999 aka shigar da baƙaƙen nan cikin Unicode, watau babban jadawalin haruffan da kwamfutocin duniya suka yi ittifaƙi a kansa. Duk da wannan wahala, 'yan sa kai nasu suka zauna suka juya LibreOffice zuwa Amharik. A Tanzaniya, mutanen jami'ar Darussalam suka fito da manhajar ofis da Sawahili a 2004, suka sa mata suna Jambo OpenOffice. A Afirka ta Kudu wata ƙungiya da aka kafa a 2001 ta juya irin wannan manhaja zuwa harsuna 11 da ƙasar ta ɗauka na hukuma a lokacin. Har 'yan'uwanmu Fulani ba a bar su a baya ba. Wani Basenegale, Ibrahima Sarr, ya shugabanci juya Firefox zuwa Fulatanci, har mujallar The Economist ta Ingila ta ba da labarinsa a 2014. Da suka zo kan kalmar da Turawa ke faɗi in manhaja ta ƙame ta daina aiki, ba su aro ta Turanci ba, sai suka ce hookii, watau saniya ta faɗi amma ba ta mutu ba. Duk makiyayin da ya ga wannan ya san abin da ya faru, ya kuma san ba abin kuka ba ne, za ta tashi. Wannan ita ce fassara.

To, mu fa? Ba za a ce ba a yi wa Hausa kome ba. Kamfanin Microsoft ya fito da Windows Vista da Hausa a 2009, Google ya sa Hausa cikin injin fassararsa a 2013, Facebook kuma a 2016. Madalla, mun gode. Amma waɗannan duk kayan kamfani ne, su ke da ikon sawa, su ke da ikon cirewa, in kuwa ka ga kalmar da ba ta zauna ba, sai dai ka kai kuka ka jira. Masu magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A gefen sa kai kuma akwai waɗanda suka riga mu tashi, ya kamata a yaba musu. Samari da 'yan mata sun rubuta dubban maƙaloli a Wikipedia ta Hausa. Waɗansu sun ba da muryoyinsu ga shirin Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017 don koya wa na'ura jin maganar mutane, har Hausa ta shiga cikin taskarsa a 2021. Sai dai gonar tana da faɗi, manoman kaɗan ne. Ga kuma wani abu, fassarar manhaja kamar shara ce, ba a yinta sau ɗaya a ce an gama. Duk sa'ad da aka sabunta manhaja sai sababbin layuka su shigo, in ba mai bi yana cikewa, sai ka ga rabi Hausa rabi Turanci, kamar rigar da aka yi wa maho da wani yadi.

Me ya sa na ce aikin malamai ne? Domin wuyar aikin ba ta wajen na'ura ta ke ba, tana wajen harshe. Ga misali. Kalmar Turancin da a ke dannawa in an gama rubutu don kada ya ɓace, ita ce dai Turawa ke faɗi in an ceci mutum daga ruwa, ita ce kuma ta tanadin kuɗi. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko sai ya rubuta "ceta", yaro ya tsaya yana neman wanda ke shirin nutsewa, alhali kuwa "adana" a ke nufi. Ga wani. In mutum ya fara abu ya ga ba ya so ya ci gaba, akwai wurin da zai danna ya janye. Wani zai rubuta "fasa", daidai ne kuwa a baki, amma a rubuce ba ta da bambanci da fasa tulu, tun da bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Tsohuwar da ta ga "fasa" a wayarta ba za ta kuskura ta taɓa ba. Ashe "soke" ko "a bari" sun fi kwanciyar rai. Har wa yau, Bature ya kan yi wa namiji da mace magana da lamiri ɗaya, mu kuwa tilas mu zaɓa, ka shiga, ko ki shiga, ko ku shiga, ko kuwa a shiga. Wanda bai lura ba sai ya cika manhaja da "ka, ka, ka", kamar ba 'yan mata a ajin. Ina injiniya zai sami lokacin auna waɗannan? Amma malami, wanda sana'arsa ke nan kullum ya nemo kalmar da yaro ɗan shekara bakwai zai gane, ai gidansa aka zo.

Kada kuwa mu manta, da malamai aka fara irin wannan aiki a ƙasar nan. An kafa Ofishin Fassara a 1929, daga baya ya zama Ofishin Talifi a Zariya, a hannun Rupert East. Da aka sa gasar rubuta littattafan hira a 1933, su wa suka amsa? Malam Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malamin Midil ne a Katsina. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shehu Umar, malami ne a Bauchi. Su da ire-irensu suka hora Hausa ta zauna a takardar boko, har aka sami Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 don daidaita rubutu da kalmomi. A zamaninsu takarda ce sabon abu. A namu zamanin fuskar waya ce takardar, a nan yara da manya ke yin galibin karatunsu. In kakanninmu a sana'a sun ɗauki nasu kaya, mu ma ga namu ya iso.

Sa'an nan me ya sa na ke faɗin haka a Lafiya, ba a Kano ko Sakkwato ba? Wani ma zai ce, "Ku bar wa Kanawa, su ke da Hausar." Ni kuwa ina ganin zamanmu a nan wata fa'ida ce da su ba su da ita. Garin nan Barebari suka kafa shi, shi ya sa a ke ce masa Lafiyan Barebari, tun 1996 kuma shi ne babban birnin Jihar Nasarawa. Shiga kasuwa ranar da doya ta sauka, ko lokacin kakar riɗi, ka kasa kunne. Ga Eggon, ga Alago, ga Gwandara, ga Migili, ga Mada, ga Tibi, ga Fulani, kowa da harshensa na gida, amma in ciniki ya haɗa su galibi da Hausa a ke yi. Hausar nan tamu ba ta da ƙawa irin ta fadar Kano, amma an tace ta, abin da kowa zai gane shi ya rage a cikinta. To, irin wannan Hausa manhaja ke bukata. Fassarar da mai sayar da doya daga Agyaragu da mai gishiri daga Keana suka gane, ba shakka za a gane ta a Zariya da Maraɗi da zangon Kumasi. Amma wadda aka cika da kalmomin da sai an buɗe ƙamus, ko a Kano ma sai malaman jami'a. Mu ne ma'aunin.

Yanzu bari in ɗauki maganganun masu musu, gama suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba.

Na farko ya ce, "Yaranmu Turanci su ke bukata. Tun 2015 da kwamfuta a ke yin jarrabawar JAMB, da Turanci kuwa. In ka saba musu da Hausa ka cuce su." Gaskiya ne suna bukatar Turanci, ba mai ja. Amma yaron da aka zaunar gaban kwamfuta ran farko yana fama da baƙi biyu ne, ga na'ura ga harshe. In aka sallami baƙo ɗaya, ya saba da na'urar cikin harshen da ya sani, ranar da aka mai da ita Turanci ba abin da zai sake wuri, maɓallin da ya saba dannawa yana nan inda ya ke, sunansa kaɗai ya sauya. Sauya harshen kuwa aikin minti ɗaya ne. Rubuta Shehu Umar da Hausa bai rage wa Tafawa Ɓalewa Turanci ba, wanda har Turawa ke sha'awar jin bakinsa. Ban da haka, ba kowa ne zai yi JAMB ba. Uwar yaron fa, da ubansa manomi, waɗanda ke miƙa wa wani wayarsu ya karanta musu abin da ta ce, har da lambar sirrin kuɗinsu?

Na biyu ya ce, "Ni ba Bahaushe ba ne. Don me zan yi wa harshen wani bauta, nawa yana mutuwa?" Wannan magana tana da nauyi, musamman a jiharmu, ba na kuwa so a share ta. Amsata ita ce, ƙofar nan ba ta Hausa kaɗai ba ce. Kamfani ya kan duba yawan masu saye kafin ya sa harshe, saboda haka Alago ko Migili za su daɗe suna jira a layin kamfani. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ba ta ƙidaya kawuna, abin da ta ke nema shi ne mutanen da za su zauna su yi aikin, su kuma riƙe shi. Wanda ya koyi hanyar da Hausa, inda akwai ƙamus da abokan shawara, gobe shi zai buɗe wa Eggon fili. Ina ma a ce ƙungiyar da za mu kafa ta zama ta harsunan jihar duka, a zauna tebur ɗaya, kowa ya ga yadda ɗan'uwansa ya warware matsalar da ta dame shi.

Na uku ya ce, "Ai injin fassara ya iso, cikin ƙiftawar ido zai gama abin da za ku shekara kuna yi." Injin yana da amfani, a bar shi ya yi sharar fage. Amma daga ina ya koyi Hausa? Daga abin da mutane suka rubuta. In gurguwar Hausa ya tarar, ita zai yi ta maimaitawa, har yaranmu su ɗauka ita ce daidai. Kuma kalmomin manhaja guntaye ne, ɗaya ko biyu, ba abin da ke gaba ba abin da ke baya, a nan kuwa injin ya fi yin tuntuɓe, irin na "ceta" da "adana". Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Na huɗu ya ce Hausa ba ta da kalmomin. Haba! Harshen da ya ga abu na tashi sama ya ce jirgin sama, ya ga taron ƙasashe ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce tauraron ɗan'adam, ya ce yanar gizo, shi za a ce ya rasa sunan maɓalli? Inda aro ya riga ya zauna, kamar kwamfuta da fayil, a bar shi, ba a faɗa da abin da bakin jama'a ya karɓa. Inda babu, a ƙera.

Na biyar shi ne mai tambayar lada, shi ne kuwa ya fi yawa. Ba zan ruɗe ku ba, ba kuɗi a ciki, har ma kai za ka sayi data. Amma wa ya taɓa biyan 'yan gayya? In an kira gayyar tada kunyoyin doya, kowa ya kan zo da garmarsa domin ya san gobe gonarsa za a shiga. Abin da ka fassara yau, kai za ka koyar da shi baɗi a ajinka, ƙanenka kuma ya same shi kyauta. Manhajoji da yawa su kan rubuta sunayen masu fassara a cikinsu, wanda kuwa ya goge da aikin ya sami sana'a ta biyu a hannu. Ko ba wannan, ilmin da aka bari mutane na amfani da shi mun san matsayinsa.

To, ƙaƙa za a fara? Shawarata ita ce kada a ɗauki babban kaya. Mutum shida su haɗu, maza da mata, a sami mai Hausar gida, a sami kuma wanda ya koye ta a kasuwa. Su zaɓi manhaja ƙarama guda ɗaya wadda za ta yi amfani a aji, irin su GCompris mai wasannin koyon ƙidaya da baƙaƙe, ko Tux Paint ta zanen yara, su duba inda aka tsaya da Hausarta, ko a fara ko a ɗora. Akwai dandalin da aka gina musamman don wannan aiki, kamar Weblate da Pontoon da translatewiki, ba a bukatar sanin ƙera manhaja, wayar hannu ma ta isa. In kowane ɗaya ya juya layi 20 a mako, an sami 120 ke nan, cikin mako 30 na shekarar karatu an tara 3,600. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai a kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, a ajiye littafi guda na kalmomin da aka yarda da su, don kada wannan ya ce "goge" wancan ya ce "share" a kan abu ɗaya. A nemi taimakon Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da na Bargery na 1934, da malamanmu na sashen Hausa, a kuma duba abin da waɗanda suka riga mu suka zaɓa kafin a sake shi. Na biyu, a rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa yadda su ke, ɓ da ɗ da ƙ, gama duk suna cikin Unicode, allon rubutun waya kuma yana da su in an zaɓi Hausa. Maɓallin da ya kamata ya ce "ƙara" kada ya ce "kara", ba gonar dawa mu ke ba. Na uku, in an ga wata alama kamar %s a tsakiyar layi kada a taɓa ta, gurbi ne da manhajar za ta sa suna ko lamba. Na huɗu, shi ne babba, a gwada. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a Shabu, ko Doma, ko Assakio, a nuna wa yara abin da aka fassara ba tare da an yi musu bayani ba, a ga inda suka tsaya suna kallon juna. Duk inda suka tsaya, kalmar ce ba ta yi ba, a koma a sake. Wannan gwaji ba kamfanin da ke iya yinsa kamarmu.

Ina kuma roƙon shugabanninmu na kwaleji su ba ƙungiyar nan sa'a ɗaya a mako a ɗakin kwamfuta, malaman Hausa kuma su duba ko za a lasafta aikin cikin ayyukan da a ke ba ɗalibai maki a kansu. Maimakon fassarar da za a yi a takarda, a duba, a jefa cikin kwali, ga wadda dubban mutane za su yi aiki da ita. In abin ya kama, sai a miƙa hannu ga 'yan'uwa na Kwalejin Ilmi ta Akwanga, da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da ta jiha a Keffi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, harshen da ba a ganinsa inda yara ke kallo, yaran za su ɗauka na tsofaffi ne, ba ya shiga sha'anin zamani. In suka ɗauki haka, ba dokar da za ta komo da su. Filin nan yana nan a buɗe, an ba mu izini, ba a nemi ko kwabo ba. Saura mu. Allah ya ba mu himma, ya sa abin da za mu koyar ya amfani na baya, amin.